Fim ɗin tsoro: Maraɗi na da labari, saura mai ɗauka

A 2020 fim ɗin His House ya fito a Netflix: mata da miji 'yan gudun hijira daga Sudan ta Kudu, an ba su wani tsohon gida a Ingila, sai dare ya riƙa dawo musu da waɗanda teku ya cinye. Masu sharhi sun yaba, daraktansa Remi Weekes ya samu kyautar BAFTA a 2021. Abin da ya kama su shi ne fatalwar ta fito daga laifin da ma'auratan suka ɓoye a hanya.

Matasan Maraɗi, Tibiri da Jiratawa sun tashi da labarin Doguwa da iskokin bori, kuma sun san gidajen da ɗa ya bi hanyar Agadas aka daina jin ɗuriyarsa. Amma finafinan Hausa da yawa har yanzu aljaninsu ba ya wuce hoda a fuska da dariyar boka. Wannan ragwanci ne. Rashin kuɗi bai isa hujja ba.

Tun shekarun 1970 Moustapha Alassane ya ɗauki Toula, labarin aljanin ruwa da fari, a nan Nijar.