Birkin Baya Na A-kori-kura: A Bincika Kafin A Saya

Makon jiya wani direba mai jigilar katako daga kasuwar Dei-Dei ya kawo mini kuka. Ya ce sau biyu ke nan yana sayen sabon kalifa, wato ƙarfen nan mai kama da muƙamuƙi wanda ke matse faifan birki, amma har yanzu in ya sauko gangaren Kugbo zuwa Nyanya sai ƙafar baya ta dama ta yi zafi tana ƙauri. Motarsa kuwa Toyota Tundra ce, 'yar Amurka.

To, asalin abin shi ne yawancin makanikanmu a kan Hilux suka koyi aiki, ita kuwa galibi birkin bayanta na ganga ne. Amma Tundra da Ford F-150 galibinsu faifai gare su a baya, kuma da yawansu sun fito ne daga jihohin da ake zuba gishiri a hanya lokacin ƙanƙara, saboda haka da tsatsarsu suke isowa. Damina ta zo ta ƙara da taɓo.

Shi kalifa yana zamewa ne a kan ƙusoshi biyu masu rigar roba. In robar ta yage, ruwa ya shiga, ƙusar ta cije, sai ka ga fad ɗaya ya cinye ƙarƙaf, ɗan'uwansa kuwa kamar sabo. Wannan ba ya bukatar sabon kalifa. A zare ƙusar, a goge ta, a sa sabuwar roba da giris irin na birki. Ban da baƙin giris na gama-gari, domin kumbura roba yake yi.

Ga gwajin da na so a ce an yi wa mutumin nan tun farko, wanda ko kwabo ba ya ci. A ɗaga motar da jak, a taka birki a saki, a juya ƙafar da hannu. In ta ƙi juyawa, sai a ɗan kwance ƙaramin notin nan na fitar da iska. In mai ya tsarto ƙafar ta saku nan take, to, kalifa ba shi da laifi. Galibi tiyon roba ne ya ruɓe daga ciki, yana barin mai ya shiga, yana hana shi komawa. In kuwa ba ta saku ba, sai a duba fistin da ƙusoshin. Da aka gwada ta direban nan, tiyo ne, wanda kuɗinsa a Apo bai kama ƙafar na kalifa ba.

Wani kuskuren kuma, har kunya nake ji in faɗa, shi ne ɗaura kalifan hagu a dama. Zai zauna daram, amma notin iska ya koma ƙasa, iska kuwa sama take taruwa. Ko kwana aka yi ana famfo, birki zai zauna laɓo-laɓo.

Man birki shi ma yana shan danshi, don haka a sake shi kamar duk shekara 2, a kuma duba murfin tulun a ga ko DOT 3 aka rubuta ko DOT 4. Masu zuba ruwan omo kuwa, wai na wucin gadi, su sani shi ne ke sa fistin tsatsa, kuma tafasa yake yi a gangare.