Ƙibar Da Aka Kora Da Yunwa Takan Dawo Da Rakiya

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in faɗi albarkacin bakina game da wani abu da ke damun jama'a da dama amma kunya ta hana su magana. Wato yadda mutum zai sha wuya ya rage ƙiba, bayan ɗan lokaci kuma ta dawo masa har da riba.

Ni ganau ne ba jiyau ba. Ɗan kasuwa ne ni, in na zauna a shago tun safe ba abin da ke tayar da ni sai salla. A 2021 na je asibiti saboda kasala da ciwon gwiwa, aka ɗora ni a kan sikeli na buga kilo 104. Likita ya ce jinina ya hau, ciwon sukari kuma yana bakin ƙofa. Mahaifina ciwon sukari ne ajalinsa, sai da aka yanke masa ƙafa kafin Allah ya karɓi abinsa, don haka hankalina ya tashi ƙwarai.

Ina komawa gida na yanke tuwo, shinkafa da burodi gaba ɗaya. Na koma kokwamba da dafaffen ƙwai da ruwan zafi, na haɗa da wani shayin rage teɓa da na saya wajen masu talla da lasifika, wanda bai tsinana mini komai ba sai zaryar banɗaki. Cikin wata 4 na dawo kilo 86, har na kai wa tela kayana ya rage mini. Amma fa kullum cikin yunwa nake, ga saurin fushi, iyalina su ne shaidu. Aka yi babbar salla na ce bari in ɗan taɓa, aka yi bikin ƙanwata na ƙara taɓawa, shi ke nan linzami ya tsinke. Bayan shekara ɗaya da rabi sikeli ya nuna 107.

A majalisarmu wani aboki ya ce, "Alhaji, ashe teɓar hutu ta tafi." Na yi dariya tare da su, amma wallahi abin ya ci mini rai. Sai da na yi wata 8 ban leƙa asibiti ba don kunyar likita, alhali jinina yana ta hawa. Wannan kunyar ce ta sa na ɗauko alƙalami, domin ita ta fi ƙibar haɗari.

Da na daure na koma, likitan bai yi mini faɗa ba. Ya ce abin da ya same ni shi ke samun yawancin masu rage ƙiba ta hanyar horon yunwa, domin jiki yana ɗauka fari aka shiga, sai ya shiga tsimi. Na bi na karanta, na tarar haka abin yake. A Amurka akwai wata gasar talabijin ta rage ƙiba mai suna The Biggest Loser. Wani masani, Kevin Hall, da abokan aikinsa sun bi sawun mutum 14 da suka shiga gasar a 2009, suka fitar da sakamako a 2016. A tsakaice kowannensu ya zubar da kilo 58, amma bayan shekara 6 kilo 41 sun dawo. Abin mamaki, jikinsu ya rage ƙona abinci da kusan kalori 500 a rana in an gwada da abin da ya dace da girmansu, kwatankwacin matsakaicin farantin shinkafa ke nan. A 2011 kuma masana a Ostareliya sun gano cewa shekara guda bayan mutum ya rage nauyi, sinadarin da ke tayar da yunwa yana nan sama, wanda ke sanar da ƙwaƙwalwa an ƙoshi kuma yana ƙasa. Hatta alluran nan masu tsada irin su Wegovy, binciken da aka fitar a 2022 ya nuna waɗanda suka daina yi, kashi biyu cikin uku na nauyin da suka zubar ya dawo cikin shekara ɗaya.

To jama'a, mutumin da yake fama da yunwar da ta fi ta da, jikinsa kuma yana ƙona ƙasa da abin da yake ƙonawa a da, ina adalci a kira shi rago ko mai kwaɗayi?

Kada wani ya ce ashe gara a haƙura. A'a. Tun 1994 wasu masana biyu a Amurka, Rena Wing da James Hill, suka buɗe rajistar mutanen da suka zubar da aƙalla kilo 13 kuma suka riƙe hakan shekara guda ko fiye, har rajistar ta haura mutum 10,000. Da aka duba halinsu sai aka ga yawancinsu suna karya kumallo kullum, suna hawa sikeli aƙalla sau ɗaya a mako, suna motsa jiki wajen awa guda a rana, galibi tafiyar ƙafa. Wani babban binciken na 2002 ya nuna masu shirin kamuwa da ciwon sukari da aka sa wa burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da tafiyar minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Mai kilo 100 kilo 7 kacal ake nema a wajensa.

Wannan karon sai na bi a sannu, da sharaɗi guda: abin da na san ba zan iya yi har ƙarshen rayuwata ba, ba zan fara shi ba. Ina cin tuwona, amma malmala ɗaya maimakon biyu, miyar ganye da yawa, kuma da magariba ba ƙarfe goman dare ba. Na daina lemon kwalba, don robar rabin lita kan ɗauki sukarin da ya kai cokalin shayi 10. Na ce wa mai shayi ya rage hannu. Bayan asuba nakan taka na minti 40, kowace Juma'a kuma in hau sikeli, in na ga ƙarin kilo ɗaya ko biyu in gyara tun bai yi nisa ba. Sai da na shekara kafin na zo 96, yau kuma fiye da shekara guda ina nan tsakanin 95 da 97. Teɓar ba ta tafi duka ba, amma sukarina ya daidaita, gwiwa ta yi sauƙi, maganin hawan jini kuma ina sha yadda aka ce. Ashe kasa ciki uku da malamai suka sha karantar da mu, can gaskiyar take.

Don haka ina kira ga 'yan'uwana maza da mata, wanda ƙibarsa ta dawo kada ya ɓuya, ya koma wajen likita, musamman mai shan maganin sukari, don horon yunwa kan iya kayar da shi. Uwargida, a taimaka da rage mai da sukari a tukunyar gida duka, domin da wuya mutum ɗaya ya riƙe baki alhali kowa yana sharɓa a gabansa. 'Yan majalisa kuma a ji tsoron Allah a daina zolaya: in mutum ya rame ku ce karayar arziki ce, in ya yi ƙiba ku ce ci ne ya yi masa yawa, to ina zai sa kansa? Hukumar NAFDAC ita ma ta ƙara sa ido a kan masu sayar da shayi da ƙwayoyin da ake cewa suna narkar da teɓa cikin mako biyu.

Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya ƙara wa wannan jarida ɗaukaka, amin.

Naka mai karatu a kullum,
daga Fagge, Kano.