Raddi Ga Mai Cewa Fansho Ta Mutu

Wani dattijo da nake ganin girmansa ya zauna a majalisarmu ta Tsaskiya yana shawartar matasan malaman firamare su cire rai da fansho. Hujja uku ya kawo. Ga amsata, cikin ladabi.

Baba, ka ce fansho ta dā ita ce ta gaskiya, ta yanzu yaudara ce. Tarihi bai goyi bayanka ba. Turawa suka kafa dokar fansho a 1951, aka mayar da aikinta baya zuwa 1946, sojoji suka sabunta ta da Doka ta 102 a 1979. A wancan tsari ba a ware isasshen kuɗi a gefe. Daga kasafin kowace shekara ake biya, in kuɗin man fetur ya ja baya, tsoho ya jira. Kafin 2004 bashin ya kai kimanin naira tiriliyan 2, dattawa suna yanke jiki suna faɗuwa a layin tantancewa. Kuɗin da suka sa kotu ta ɗaure Abdulrasheed Maina shekara 8 a 2021 ma daga rumbun tsohon tsarin aka ɗebe su.

Ka ce abin da ake yanka a albashi ba a san inda yake zuwa ba. An sani. Dokar 2004 ta zamanin Obasanjo, bayan gyaranta na 2014, ta ce ma'aikaci ya zuba kashi 8 cikin ɗari, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba 10, a asusu mai sunansa, hukumar PenCom tana sa ido. A 2024 abin da aka tara ya haura naira tiriliyan 20. Jihohi kuwa kowace da dokarta, kuma a nan ne malamin ƙaramar hukuma ya fi shan wuya.

Na yarda maka da abu biyu. Fiye da rabin kuɗin nan gwamnatin tarayya aka ranta wa, kuma faɗuwar darajar naira ita ce garar da ke cin rumbun. A 2004 dala tana kusan naira 130. A 2024 ta wuce 1,500. Wanda ya yi ritaya fanshonsa na sayen buhun masara, yau tiya-tiya yake aunowa. Wannan yana sosa mini rai ƙwarai. Amma maganinsa yana rubuce: sashe na 173 da na 210 na kundin tsarin mulkin 1999 sun wajabta a duba fansho duk shekara 5, ko duk lokacin da aka ƙara albashi. Hakki ne da ake dannewa, kuma wanda ya cire rai ya sauƙaƙa wa mai dannewar.

Sai hujjarka ta uku: ka ce yaro ya sayi shanu, su ne fanshon Bahaushe. Baba, a Safana kake wannan magana, dajin Rugu yana bayan gidanmu? Garke nawa aka kora a dare ɗaya tsakaninmu da Batsari? Gonaki nawa aka bari ciyawa ta cinye saboda 'yan bindiga? Ban hana kowa kiwo ko noma ba, ni ma ina yi. Amma mutumin da ya tsere cikin dare da rigar jikinsa, garkensa ya tafi, sunansa kuwa yana nan a rajistar 'yan fansho.

Abin da nake roƙonka, ka ce wa yaran nan su adana takardar ɗaukarsu aiki da ta ƙarin girma, su riƙa bin sawun abin da ake yanka musu kowane wata. Kai kuma ka shige mana gaba zuwa Katsina, mu tambayi yaushe aka yi wa fanshon malamanmu dubawar ƙarshe.