Sai Bango Ya Tsage Ƙadangare Ke Samun Wurin Shiga

A daminar bara katangar gidan da muke haya a Mararaba ta faɗi cikin dare. Allah ya kiyaye, ba kowa a gindinta. Da gari ya waye na ɗauki guntun bulo na murza, sai ya koma yashi a hannuna. Maƙwabta suka ce iska ce. Ni kuwa a ganina, laifin ba na iska ba ne.

Mai karatu, ƙarfin bango abu ne da ake lissafawa tun ba a aza bulo ɗaya ba. Injiniya yakan shigar da tsawon bango da kaurinsa da ƙarfin bulo da nauyin da zai hau kansa cikin kwamfuta, ita kuma ta nuna masa inda zai fara tsagewa. Bulo yana jure danni daga sama, amma ba ya jure turi daga gefe. Gudun iska kuwa in ya ninka biyu, turinta ninkawa huɗu yake yi. Shi ya sa doguwar katanga ta bulo inci 6 marar ginshiƙi ba ta kai labari.

To amma kwamfuta abin da aka faɗa mata shi take lissafawa. Ƙa'idar NIS 87 ta hukumar SON ta ce bulon da zai ɗauki nauyin gini ya jure kimanin kilo 35 a kan kowane murabba'in santimita. In mai buga bulo ya tsuke siminti, ya ƙi yi masa ban-ruwa, ya sayar da shi bayan kwana biyu alhali siminti sai ya kwana 28 yake cika ƙarfi, to lissafin injiniya ya tashi a banza.

Mararaba tana jihar Nasarawa, amma ma'aikatan Abuja ne suka cika ta, kowa na gaggawar gina ɗakin haya. Tun 2006 Nijeriya take da kundin ƙa'idojin gini, sai dai kundi ba ya riƙe bango.

Shawarata ita ce, duk mai gini ya nemi injiniya mai rajistar COREN, ya kuma kai samfurin bulonsa a gwada kafin ya biya kuɗin mota guda. Mu 'yan haya kuma mu daina yin shiru in mun ga tsaga. Araha dai ba ta ado.

Allah ya kiyaye mu, amin.