Sankarar Hanta: Aikin Da Gambiya Ta Yi Wa Haƙuri

A cikin shekarar 1986 Gwamnatin Gambiya ta haɗa kai da Cibiyar Binciken Sankara ta Duniya da ke birnin Liyon na Faransa, da Majalisar Binciken Lafiya ta Ingila, ƙasar Italiya kuwa ta ba da gudummawar kuɗi. Tambaya ɗaya suka sa a gaba, watau ko allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B, idan aka yi wa jariri, za ta tsare shi daga sankarar hanta bayan ya girma. Kowa ya san amsar ba za ta fito sosai ba sai bayan shekara talatin ko arba'in, duk da haka aka fara. Kafin ƙarshen 1990 an rubuta sunayen jarirai fiye da 120,000.

Masu sukar irin wannan haɗin guiwa sukan ce baƙi ne ke zuwa su ɗebi jinin talakawa, su koma gida su yi suna da shi. Maganar ba ta rasa gaskiya, an sha yin haka. Amma Gambiya ba ta tashi hannu wofi ba. A 1990 allurar ta game ƙasar baki ɗaya, Nijeriya kuwa, da girmanta da arzikinta, sai a 2004 ta sa ta cikin alluran yara na yau da kullum. Ban da wannan an kafa wa Gambiya rajistar masu sankara ta ƙasa, inda ake rubuta duk wanda aka samu da cutar, domin in babu lissafi ba mai iya cewa allurar ta yi amfani.

Nan ne ya kamata hukumomin lafiya na Nijeriya su tsaya su duba. Cutar ba baƙuwa ba ce a ƙasar gyada da masara, gama gubar aflatoksin da fumfuna ke bari cikin amfanin gonar da bai bushe ba tana taya ƙwayar ciwon hanta ɓarna, kuma galibi majinyaci ba ya isa asibiti sai ciki ya kumbura, lokacin da aiki ya riga ya wuce. An buɗe rajistar sankara a Ibadan tun 1960. Lalle ne kowace jiha ta ware kuɗi da ma'aikata ta riƙe tata, a kuma kai gwajin jini ƙauyuka, domin idan masanan waje suka zo su tarar da abokan aiki masu littafi a hannu.