Iyafis ko Hedifon: Wanne Ya Dace da Ɗalibi?

Duk wanda ya ratsa Kasuwar Wunti a birnin Bauchi zai ga masu sayar da kayan waya sun baje na'urorin sauraro iri biyu. Akwai ƙaramin iyafis marar igiya, wanda ake cusawa a cikin kunne, kuma kuɗinsa da sauƙi. Akwai kuma babban hedifon mai rufe kunne baki ɗaya yana kashe hayaniyar waje, amma da tsada. Sau da yawa ɗalibai kan tambaye ni wanda ya fi. Amsata ita ce: kafin ku dubi farashi, ku fara tunanin lafiyar kunnuwanku.

Mai koyon Hausa da kunne yake aiki. Da shi yake bambanta kafa da ƙafa. Da shi yake gane garin da ake zama a ciki da garin da ake tuƙa tuwo, domin a rubuce ɗaya suke, tsawon wasali ne ya raba su. Wanda jinsa ya raunana, irin waɗannan ƙananan bambance-bambance ne suke fara kuɓuce masa.

To, me yake raunana ji? A can cikin kunne akwai wasu ƙwayoyi masu kama da gashi, su ne suke karɓar sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani tana kashe su, kuma idan sun mutu ba sa sake tsirowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa matasa fiye da biliyan 1 suna cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraro. Ma'aunin ƙarfin sauti shi ake kira desibel. A ƙa'idar hukumar, baligi zai iya jin sauti mai desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, amma idan ya kai desibel 90, awa 4 kacal ya rage masa.

A nan ne babban hedifon ya yi zarra. Yana da 'yar makirufo da take ɗaukar hayaniyar waje, sai ya samar da wani sauti kishiyarta, su haɗu su soke juna. Wannan dabara ta fi tasiri a kan ƙugi mai ɗorewa, kamar na janareta ko injin mota. Ba ta cika iya muryar mutane da hon ba. Amfaninta shi ne, idan hayaniya ta ragu, ba ku da dalilin ƙure sauti. Mai iyafis kuwa, idan janaretan maƙwabta ya tashi, sai ya yi ta ƙara murya don ya ji darasi, ta nan ɓarna take shigowa.

Duk da haka, ba na ba yawancinku shawarar sayen babban. Na farko, kuɗinsa kan ninka na ƙaramin sau da yawa, ga iyaye na fama da kuɗin makaranta da littattafai. Na biyu, a zafin Maris da Afrilu, wa zai jure soso a kan kunnensa awa guda gumi na tsiyaya? Na uku, kasuwa cike take da jabu: akwai wanda aka rubuta wa cewa yana kashe hayaniya, alhali suna ne kawai. Na huɗu, wanda ya fi muhimmanci, shi ne hanya. Wanda ya toshe kunnuwansa yana tsallaka titi a shataletalen Wunti, ba zai ji Keke Napep na tafe a bayansa ba.

Ra'ayina shi ne ɗalibi ya nemi iyafis mai matsakaicin kuɗi, wanda yake da roba mai laushi a bakinsa. Idan robar ta zauna daidai a kunne, ita kanta tana tare hayaniya gwargwado. Kada ku ɗauki mafi araha, domin araha ba ta ado: batirinsa kan mutu da wuri, sautinsa kuma ba ya fita tas. Ku gwada shi a gaban mai kanti da muryar mai magana, ba da kiɗa ba. Wanda kuma kullum yake karatu kusa da janareta ko injin markaɗe, kuma gidansu na da hali, to babban ne ya dace da shi, amma a ɗaki.

Ko wanne kuka zaɓa, ku riƙe abu uku. Kada sauti ya wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin wayar. Ku hutar da kunne bayan kowace awa guda. Ku cire na'urar idan kuna kan titi. In kuwa kun fara jin kunne na ƙugi bayan sauraro, ku gaya wa iyayenku su kai ku wurin likitan kunne. Iyafis idan ya lalace, gobe sai a sayi wani a Wunti. Kunne kuwa ba a sayar da shi a kasuwa.