Bayan ruwa ya janye, wa ke ƙirga baƙi?

A watan Yulin 2021 kwalara ta ɓulla a kasuwar New Artisan da ke Inugu, inda 'yan Arewa ke fataucin dabbobi, ta kashe mutum bakwai. Wanda ya san Inugu ba zai yi mamaki ba. Gari ne da rijiya ba ta cika ba da ruwa ba, sai a sayi na tanka, wanda bai da hali kuwa ya sha abin da ya samu. Da ruwan sama ya sauka, ya kwaso kashin dabbobi da na mutane ya bi da su ta rumfunan da ake sana'a da rana, ake shimfiɗa tabarma da dare.

Shekara guda bayan haka aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru a tsakiyar damina mai ƙarfi. Ambaliyar 2022 ta ci rayuka sama da 600, ta raba fiye da mutum miliyan ɗaya da gidajensu. Ogbaru, kusa da Anacha, ta nutse, yankin Ahoada na Jihar Ribas ma haka. An ƙirga gidaje da gonaki. Amma zazzaɓin cizon sauro, taifot da amai da gudawa sai bayan 'yan jarida sun naɗe kyamarorinsu suke zuwa.

Abin da ya fi damun mu shi ne yadda ake rubuta sunayen masu karɓar tallafi. Ana bi ta hannun sarakunan gari da kansiloli, gida-gida. To ɗan dako da ke kwana a harabar masallaci a Anacha, ko mai yankan farce a Fatakwal, gidan wa zai nuna? In ciwo ya kama shi, sai ya tsaya a kemis, ko a saka shi a motar shanu da za ta koma Arewa, ya kai cutar har ƙauyensu.

Muna kira ga hukumomin agajin gaggawa na Anambra, Ribas da Inugu su sa Sarakunan Hausawa cikin masu tattara sunaye, ma'aikatun lafiya kuma su riƙa yin shela da Hausa a kasuwanni.

Namu shugabannin na 'yan Arewa ma ba za mu ƙyale su ba. Kullum ana karɓar kuɗin ƙungiya a kan kowace tirelar albasa da kowane sa. A fitar da na makewayi da tankin ruwa mai tsafta daga ciki kafin damina ta kankama.